Wasiƙa daga Liyon: a gwada jini kafin a kai goro

Assalamu alaikum mutanen Garwa da Marwa da Ngaundere da Kusiri, har da 'yan'uwanmu na ƙetaren gadar Ngeli a Injamena. Iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku, da fatan kowa yana lafiya.

Maganar da zan yi da ku ta sikila ce, amosanin jini, da irin ɓarnar da take yi wa soyayya da aure da zumunci a garuruwanmu. A nan Liyon ta Faransa ina aikin taimaka wa ma'aikatan jinya a ɓangaren yara, kuma da yawa cikin yaran da nake gyara wa shimfiɗa 'ya'yan Afirka ne masu wannan ciwo. Ciwon ɗaya ne da na gida, kukan ma ɗaya ne. Bambancin shi ne a nan iyaye suna sanin sunansa tun yaro yana cikin tsumma. Daga 1 ga Nuwamban 2024, duk jaririn da aka haifa a ƙasar nan, baƙi ko fari, ana ɗigo jininsa daga dunduniya a gwada. Mu kuwa sau da yawa sai an kai yaro ɗaya ko biyu makwanci kafin wani ya ambaci sikila.

Ina da aminiya a Garwa, tare muka tashi a unguwar Hausare, allonmu jingine da juna a zaure ɗaya. Auren soyayya ta yi da wani tela, mutum mai kunya da riƙon amana. Ɗansu na fari lafiyayye. Na biyu yana wata shida hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ya riƙa kwana yana tsala ihu, ko taɓa shi aka yi sai ya sanƙare. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce kambun baka. Da cikinsa ya ɗaga ta hagu aka kai shi wurin wanzami aka yi masa tsaga a kan saifa. Bai kai yaye ba Allah ya karɓi abinsa. Ta uku, mace, ta zo da irin wannan kumburin, farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. A lokacin har an fara kiran uwar mai wabi a bayan idonta.

Ranar da likita ya ce yarinyar SS ce, wato mai sikila, uwar mijin ba ta jira an fita daga asibiti ba ta ce, "Mu dai a zuri'armu babu wannan, daga gidansu ta kwaso." Mijin bai ce komai ba. Kada ku ɗauka mugu ne, domin babur ɗinsa ya sayar ya biya kuɗin jini da magani, daga baya keken ɗinkinsa na biyu ya bi. Amma aljihu ya ƙone, barci ya ƙaurace, kullum ya shiga gaida mahaifiyarsa maganar ɗaya ce. Wata safiya ya miƙa wa aminiyata takarda yana hawaye. Ta koma gidan ubanta da yarinya mai ciwo a goye, aka riƙe lafiyayyen yaron a gidan dangin miji.

Iyayena mata, surukai, ku gafarce ni, amma abin da Hajiyar nan ta faɗa ba ya yiwuwa. Yaro ba ya zama SS sai ya ɗauki S, wato gadon jinin sikila, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In da uban AA ne, wato babu S a jininsa, ko da uwar SS ce, babu yadda za a yi su haifi SS. Duk gidan da aka haifi mai sikila, jinin yana ɓangarori biyu, kuma wanda ya tsame kansa ya ɗora wa 'yar mutane ya zalunce ta. Mai AS, wato mai ɗauke da S guda ɗaya kawai, ba mara lafiya ba ne. Yana noma, yana dako, yana tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Hasali ma wannan S guda ɗaya yana ba shi ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa ya yawaita a ƙasashenmu masu sauro. Matsalar tana zuwa ne idan AS ya auri AS. A kowane ciki, ɗaya cikin huɗu yaron zai iya zuwa SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Na ce kowane ciki, domin akwai masu cewa in an haifi mai ciwo ɗaya to uku masu zuwa sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa lissafin daga farko, shi ya sa wani gidan za ka ga yara biyar lafiyayyu, wani gidan uku a jere suna kwance.

Ciwon kansa a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake. Na mai lafiya suna da laushi, suna yin kusan kwana 120 suna aiki. Na mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Toshewar ce take kawo azabar ƙashi, mutuwar da wuri ce take kawo ƙarancin jini da shawarar ido. Shi ya sa ciwon yake tashi da sanyin hunturu a Disamba da Janairu, da zafin Maris da Afrilu lokacin da Garwa take haura digiri 40 jiki ya bushe, da kuma damina idan sauro ya yi yawa.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai, wato waɗanda suka tsaya da waɗanda suka janye. Aminiyata mace ce mai jama'a. Ranar bikinta ƙawaye sun cika tsakar gida da anko, an yi liƙi, an yi guɗa. Da ciwo ya daɗe, sai ƙafa ta ɗauke. Ban ce mugunta ce ba. Wata ba ta san abin da za ta faɗa ba, wata tana tsoron a tambaye ta rance, wata mijinta ya ce kada ta kai 'ya'yansa gidan, alhali sikila ba a ɗaukarta ta zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya. Bayan sakin kuwa aka ƙara da tsoron bazawara. Ni daga nan abin da nake iyawa shi ne in tura ɗan abin da ya samu ta Orange Money, in saurari saƙonnin muryarta a WhatsApp idan na sauka daga aikin dare, in amsa. Yana da amfani, amma zumunta a ƙafa take, kuma ƙafata tana nesa.

Wadda ta ɗauki nauyin da gaske maƙwabciyarsu ce, 'yar ƙabilar Mundang, Kirista, mai tuyar ƙosai a bakin titi. Kun san yadda jinya take a wurinmu: mai jinya shi ne mai sayo ruwan ƙari da allura da safar hannu a farmasi, shi ne mai kawo abinci, shi ne mai neman wanda zai ba da jini a madadin wanda aka ƙara. Duk wannan matar nan ta yi. Idan ciwo ya tashi da tsakar dare ita ce mai buga ƙofar ɗan moto. Ta kan shimfiɗa tabarmarta a barandar asibiti, ta ce wa aminiyata, "Maman yara, je ki kwanta, ni zan riƙe ta zuwa asuba." Ta riƙa jiƙa tawul a ruwan ɗumi tana ɗora wa yarinyar a gwiwa, tana ba ta ruwa cokali-cokali. Da aka ce ana neman jini, 'ya'yanta samari biyu ta turo suka miƙa hannu. Da gari ya waye sai ta wuce ta hura wutar ƙosanta ba tare da ta runtsa ba.

Ƙawayena, abin da mai jinyar sikila take bukata ke nan. "Allah ya sawwaƙe" addu'a ce mai kyau, a yi ta, amma a haɗa da kwana ɗaya a asibiti, da kwanon tuwo, da ɗaukar sauran yara zuwa makaranta. In kuna adashe, ku ba ta ɗauka a watan da ta shiga matsi. In jininku ya yi daidai, ku bayar, jiki yana mayar da shi. Kuma ku daina kawo mata labarin wane da ya mutu yana shekara kaza da irin ciwon. Ta san labaran nan duka, su ne suke hana ta barci.

Ƙannena samari da 'yan mata, na ku ya fi wuya, domin ku zuciya ce a gabanku. Ƙanena na ciki ɗaya ya so wata yarinya 'yar unguwar Yelwa, ita ma ta so shi. Na roƙe shi kafin Baba ya tura manya da goron gaisuwa su je su yi gwaji. Sakamako ya fito, shi AS, ita AS. Ya kira ni ya kasa magana, numfashinsa kawai nake ji. Sun zauna su biyu sun yi shawara, sun je sun ga aminiyata da 'yarta da idonsu, daga ƙarshe suka haƙura da juna. Ya rame, ya daina fita majalisa, ya daɗe bai dawo daidai ba. Wani abokinsa da suke kallon wasan ƙwallon ƙungiyar Coton Sport tare shi ne ya riƙa zuwa kullum bayan la'asar yana fitar da shi bakin Binuwai, ba wa'azi, ba tambaya, har ya fara cin abinci. Gidajen biyu kuma suka yi abin da ya dace, babu wanda ya fitar da sakamakon yarinyar waje. Ta yi aurenta da mutuncinta.

Ba ni da ikon hana AS biyu aure, kuma ba na zagin waɗanda suka sani suka ce sun ji sun gani. Abin da nake cewa shi ne a sani tukuna, kuma a sani da wuri. Idan an riga an sa rana, an kai lefe, an raba goro a masallaci, kunya ce take yanke hukunci, babu mai iya ja da baya. Wasu har takardar ƙarya suke nema don kada a fasa. A yi gwajin tun ana zance a ƙofar gida. Kuma kada a mai da AS abin gudu: mai AS ya auri AA ba za su haifi SS ba. Mai SS ma yana da haƙƙin so da aure, in ya samu AA duk 'ya'yansu AS za su zo.

Ku lura da wane gwaji kuke yi. Sanin rukunin jini, wato O ko A ko B, daban ne, ba ya faɗin komai a kan sikila. Gwajin Emmel da ake yawan yi yana nuna akwai S a jini, amma ba ya raba AS da SS. Wanda za ku nema sunansa elektroforez na hemoglobin, shi ne mai fitar da AA ko AS ko SS, har da AC, wanda shi ma in ya haɗu da AS ana iya haifar mai SC, wani nau'in sikila.

Na san za a ce ƙaddara ce, lafiya da ciwo na Allah ne. Haka ne, ni ma na yi imani da wannan. Amma Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. A jihar Kano, a shekarar 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure, har da na sikila. Mu ba sai mun jira doka ba. Limamanmu da waliyyai suna iya tambayar takardar tun ranar gaisuwa, kuma 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2008, dama ce ta yin huɗuba a kai a Juma'ar da ta fi kusa.

Waɗanda Allah ya riga ya ba ku yara masu wannan ciwo, kada ku yanke ƙauna. A nan ina ganin masu sikila sun girma, sun yi karatu, sun haihu. Dashen ɓargo yana warkar da wasu, akwai kuma sabon magani mai suna Casgevy da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan 2, ba namu ba ne a yanzu. Abin da ke hannunmu shi ma yana ceton rai: ruwan sha da yawa, rigar sanyi da hunturu, gidan sauro kowane dare, cika alluran rigakafi, har da ta zazzaɓin cizon sauro da Kamaru ta fara yi wa jarirai a Janairun 2024. Likita kan rubuta folik asid, da fenisilin kullum ga ƙananan yara zuwa shekara 5. Ku tambaye shi maganar maganin hydroxyurea, wanda aka gwada a kan yara a Angola da Kwango da Kenya da Uganda aka ga yana rage tashin ciwo da yawan ƙarin jini. Kada a sha shi sai da umarnin likita da awon jini. Zazzaɓi a jikin mai sikila kuwa ba a jira da shi gari ya waye, a tafi asibiti a take. Tsagar wanzami a bar ta, jinin yaron bai isa a zubar ba.

'Yar aminiyata tana makarantar firamare yanzu, tana da kai sosai, kuma ciwon ya ragu tun da aka ɗora ta a kan magani. Ubanta na ji ana cewa zai sake aure. Malam, in wasiƙar nan ta iso gare ka, don girman Allah ka je ka gwada jininka da na wadda za ka aura kafin a ɗaura, ka riƙa aiko da kuɗin maganin 'yarka kowane wata, ka bar yayanta ya riƙa zuwa wurin uwarsa da ƙanwarsa.

Ku gaida Inna da Goggo da duk mutanen Hausare. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.

Wassalam,
'yar'uwarku a Liyon