Windows 10 ta yi ritaya, kwamfutarka ba ta mutu ba

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro, tambaya ɗaya ake ta kawo mini shago a nan Kano: "Malam, sai na sayi sabuwa ke nan?" Ba lallai ba ne. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi. Matsalar ita ce duk ɓarakar da 'yan kutse suka gano daga baya babu mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi, shi ma na ɗaiɗaikun mutane a Oktoba 2026 zai ƙare.

A wurinmu ba a taɓa komai sai an binciki injin tukuna. Windows 11, wadda ta gaji Windows 10, tana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin injin, kuma in ƙwaƙwalwar injin (processor) ta kamfanin Intel ce sai samfurin ƙarni na 8 zuwa sama. Sau da yawa TPM ɗin yana nan, a kashe yake kawai a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Mu kunna, mai ita ya huta da sayen wata. RAM kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki da ita, a takarda 4GB ya isa, amma ni ba na sallamar mutum da ƙasa da 8GB da SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri), don na san nauyin da za ta yi masa. Kafin nan mun kwashe komai zuwa wata ma'ajiya: hotunan biki, aikin ɗalibi na kammala digiri, lissafin shago. Mai shagon buga takardu har firintarsa nake cewa ya kawo, mu gwada ta a gabansa.

Wannan tarbiyyar maigidana ce, Allah ya saka masa da alheri. Zamanin Windows XP na koyi aikin, da faifan CD ake ɗora ta, a yini ana neman direban sauti, wato manhajar da ke sa sauti ya fito. Bai taɓa barin yaro ya goge kwamfuta ba sai ya ga an adana kayan mai ita da idonsa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu kawo gwanjon kwamfutoci 'yan ƙarni na 6 da na 7, su tilasta musu Windows 11 ta bayan fage, su sayar ba tare da sun faɗa wa mai saye ba, alhali Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irinsu ba. Ga kuma yaran da ke yin fomatin a kan kuɗi kaɗan, su share wa mutum aikin shekaru, sannan ya zo wurina yana ciniki, wai can ya fi arha.

Injin da bai cancanta ba ina faɗa wa mai shi gaskiya. In rubutu da intanet ne aikinsa, Linux Mint nake ɗora masa a madadin Windows, in zauna da shi har hannunsa ya saba. In kuwa manhajar aikinsa sai da Windows, sai mu nemo masa ƙarni na 8, mu kwashe kayansa daga tsohuwar mu mayar cikin sabuwar.