Abin da badminton ta koya wa ƙafafuna

Wani maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, shi ya ja ni zuwa badminton da ya ga zaman ofis ya fara yi mini nauyi a jiki. A zauren wata makaranta suke haɗuwa bayan la'asar. Ranar farko bai ba ni ƙwallo ba. Raket, wato abin bugun ƙwallon, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, riƙe shi kamar za ka gaisa da mutum. Kada ka damƙe." Yatsu a sake suke zama, sai daidai lokacin bugu ake matsewa. Idan ƙwallo ta zo ta hagu, ga mai amfani da dama, babban yatsa ake ɗorawa a faffaɗan gefen mariƙin a tura da shi.

Ƙwallon kanta abin kallo ce. Gashin fiffiken dinya ko agwagwa guda 16 ne aka soke a kan toshiya mai zagayen kai, nauyinta kusan giram 5. Tana fita daga raket da gudun tsiya, sai iska ta tare gashin, ta rage gudu nan take, ta faɗo kusan a miƙe. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai daɗe kafin idonsa ya iya auna inda za ta sauka. Saboda rashin nauyin nan ne muke kashe fanka mu rufe tagogi, ko da zafin bazara ne. Da hunturu kuwa gashin bushewa yake yi ya riƙa karyewa, shi ya sa Malam ke turara ƙwallayen a kan tururin ruwan zafi tun daren jiya. Mu masu koyo ta roba muke saye, don ta fi ƙarko kuma ta fi araha.

Babban abin da na ɗauka shi ne wasan nan a ƙafa yake. Filin bai kai mita 14 a tsawo ba, raga kuma mita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya, amma idan abokin wasa ya jefa maka ɗaya can baya, ya sauke ta gaba a gindin raga, sai filin ya yi maka faɗi. Malam ya haura shekara sittin, ba ya gudu, kuma da wuya ƙwallo ta wuce shi. Duk bugun da ya yi, sai ya koma tsakiya, ya ɗan durƙusa a kan yatsun ƙafa, ya yi wani ɗan tsalle daidai lokacin da abokin karawarsa ke bugu. Ya sa ni zagaya kusurwoyin fili ba ƙwallo, ina zuwa ina dawowa, har cinyoyina suka riƙa rawa. Na ce, "Malam, yaushe zan fara dukan ƙwallo ƙasa da ƙarfi?" Ya ce, "Ranar da ka riga ƙwallo isa wurin."

A tsarin maki 21 da aka kawo a 2006, kowace faɗuwar ƙwallo maki ce ga wani, don haka mai yawan aika ta waje shi ke ciyar da abokin hamayyarsa. Na koyi ɗaga ta sama can baya idan an matsa mini, in samu numfashi.

Takalmi ma ba abin wasa ba ne. Mai shimfiɗaɗɗen tafin roba ake so, kuma a motsa idon sawu da gwiwa kafin a shiga, domin su suka fi jin jiki.

Yana yi mini ciwo yadda ake ɗaukar wasan a matsayin na yara a tsakar gida, alhali tun 1992 yake cikin gasar Olamfik, kuma Eniola Bolaji ta ciyo wa Najeriya tagulla a wasannin masu buƙata ta musamman na Faris a 2024. Yanzu ƙanena da 'yata suna bina zauren ranar Asabar, kuma da zagayen kusurwoyi na fara musu.