Ƙananan kalmomin Turanci da ke kayar da yara a firamare

Malamin da ya daɗe yana koyar da Turanci a firamare ya san ba manyan kalmomi ne ke wahalar da yara ba. Ɗan aji uku zai riƙe elephant da aeroplane a zama ɗaya, don kowacce hoto ɗaya gare ta, ma'ana ɗaya. Inda ake shan fama shi ne kalmomin da ake faɗa kullum, irin su hear, take, come, borrow da it. Hausa da Turanci ba a wuri ɗaya suka yanka ma'ana ba, yaro kuwa da Hausa yake tunani kafin ya buɗe baki.

A duba kalmar ji. Bahaushe yana jin magana, yana jin sanyi, yana jin ƙamshi, yana jin daɗin miya, yana jin Larabci. Turanci ya raba wannan aiki gida biyar: hear, feel, smell, taste, understand. To idan malam ya rubuta a allo cewa hear shi ne ji, ya tsaya nan, shi da kansa ya haifi "I am hearing cold" da "I hear smell". Yaron bai yi laifi ba, abin da aka ba shi ya yi aiki da shi. Maganin shi ne a haɗa kowace kalma da gaɓarta. A taɓa kunne a ce hear, a taɓa hanci a ce smell, harshe taste, fatar hannu feel, goshi understand. A shigo aji da ƙararrawa, da sabulu mai ƙamshi, da ɗan gishiri, da ruwan sanyi a kofi. Kowane yaro ya taɓa, ya faɗi jimla cikakkiya. Minti goma sun isa, amma sai an maimaita a ranaku daban-daban.

Haka sha da ci suke. Ana shan ruwa, ana shan magani, ana shan rake, ana shan wahala. A Turanci drink na abu mai ruwa ne, ƙwayar magani kuwa take ake cewa. Ci ya rabu zuwa eat na abinci, pass na jarrabawa, win na gasa, score na ƙwallo a raga. Shi ya sa bai kamata a ba yaro fi'ili tsirara ba. A ba shi tare da abokin tafiyarsa: take medicine, pass the test, win the match. Abin da ya shiga kansa a haɗe, a haɗe zai fito.

Borrow da lend sun cancanci darasi guda su kaɗai. Hausa ta damu da irin abin da aka karɓa: aro na abin da za a mayar da shi kansa, rance na kuɗi ko hatsi da za a biya da makamancinsa. Turanci bai kula da wannan ba, abin da ya dama shi shi ne wa ya bayar, wa ya karɓa. "Ara mini biro" sai ta koma "Borrow me your pen", kuma har manya masu digiri na faɗin haka, don haka yaro yana jin ta a gida da kan titi. A fito da yara biyu gaban aji da biro ɗaya. Mai miƙawa ya ce "I lend", mai karɓa ya ce "I borrow". Su yi musaya, a sake. Daga nan a koya musu roƙon iri biyu: "Please lend me your pen" da "May I borrow your pen?" Bayani da baki ba ya gyara wannan kuskure, sai biro ya wuce daga hannu zuwa hannu.

He da she ba su cika ba yaranmu wahala ba, tunda akwai shi da ita. It ce matsalar, domin a Hausa littafi namiji ne, mota mace ce, sai ka ji yaro ya ce wa littafi he. Hannu ya rabu zuwa hand da arm, ƙafa zuwa foot da leg. Kawu da baffa kuma duk uncle ne, abin da ke ba yara dariya. Jibi ba ta da kalma guda a Turanci, the day after tomorrow ake cewa, ba "next tomorrow" da ta cika gari ba.

Kalmomin aro taimako ne babba, kuma malamai da yawa ba sa amfani da su. Yaron da ya san tebur, bokiti, fensir da burodi ya riga ya yi rabin hanya zuwa table, bucket, pencil da bread, lafazi da rubutu kawai suka rage. Sai dai wasu sun sauya ma'ana bayan shigowarsu. Mashin a wurinmu babur ne, machine kuwa kowace irin na'ura. Kanti daga canteen ta fito, amma shop ake nufi. Mota car ce, motor kuwa inji ne. A ware waɗannan a gefen allo, a nuna su ƙarara.

Lafazi ma yana taɓa ma'ana. Hausa ba ta bambanta p da f, kuma ba ta da v, don haka pan da fan, ko vote da boat, sukan zama ɗaya a kunnen yaro. A riƙe 'yar takarda gaban baki: p na buɗe leɓɓa da bugun iska sai takardar ta yi tsalle, f kuwa haƙoran sama ne ke hawa leɓen ƙasa. Kunne ake fara horarwa. Malam ya faɗi ɗaya, yara su nuna hoton, sai daga baya su faɗa.

Batun yawa kuma, sababbin kalmomi biyar zuwa bakwai sun ishi darasin minti 30. Cika allo da kalmomi 20 a ce a kwafe, aikin hannu ne kawai. A dawo kan kowace kalma washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako. Wanda ke neman inda zai fara, akwai jerin kalmomi 220 da Edward Dolch ya fitar a Amurka a 1936, waɗanda suka fi yawan fitowa a littattafan yara. Amma don yaran da Turanci ne harshensu aka tsara shi, su gane kalma da ido. Namu sai an ƙara musu ma'ana da jimla. A yanka tsohon kwali a yi kati, kalma a gaba, jimla gajera a baya.

Amshin dukan aji yana yaudarar malami: murya ta cika ɗaki alhali rabin yaran baki kawai suke motsawa. Bayan amshi, a zaɓi yara daga baya da gefe, kowa ya kawo jimlarsa. In yaro ya ce "I goed to market", kada a tsawata. Da kansa ya gano ƙa'idar ƙara ed a ƙarshen fi'ili don nuna abin da ya wuce, ya kai ta inda ba ta zuwa. Malam ya mayar masa da daidai, "You went to the market? What did you buy?", ya bar shi ya ci gaba da magana.