Littafin lura da yaron bakin ƙofa: daga Oktoba zuwa Fabrairu a ajin CE1

Ƴan'uwana sababbin malamai, tun a taronmu na CAPED, wato taron ƙara wa juna sani na malaman yankinmu, na yi muku alkawarin rubuta yadda al'amarin yaron nan na ajina yake tafiya, to ga shi na cika, ko da yake aikin bai ƙare ba. Wannan ce shekarata ta farko da riƙe aji ni kaɗai, ajin CE1, wato aji uku na firamare, mai ɗalibai 68, a wata makaranta da ke gefen garin Maradi, wadda katangarta take manne da hanyar da ƴan kabu-kabu suke bi tun safe har yamma. Ba zan ambaci sunan yaron ba, zan kira shi yaron bakin ƙofa, domin nan ne wurin zamansa yanzu, kuma yadda ya koma can yana cikin labarin.

A watan Oktoba, makonni uku na farko, babu ranar da ba mu yi da shi ba. Yakan tashi ana tsakiyar darasi ya ƙwace allin wani, ko ya buga benci da allonsa har maganata ta daina kaiwa bayan aji, wani lokaci kuma ya shige ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa, sau ɗaya ma ya ciji yaron da ke kusa da shi a hannu. Ni kuwa abin da na iya shi ne abin da aka yi mana muna yara: tsawa, durƙuso, sai kora waje. Dole in faɗa muku gaskiya cewa wata ranar Laraba na karyo tsumagiya daga bishiyar dogon yaro da ke tsakar makaranta na tsula masa sau biyu a tafin hannu. Bai yi kuka ba, ya dai ƙura mini ido, ajin ya yi tsit, kuma har aka tashi babu ɗalibin da ya sake ɗaga hannu don ba da amsa, har waɗanda ba su taɓa yin laifi ba.

Da yamma na kai kukana wurin malamar da ke riƙe da CM2, ajin ƙarshe na firamare, wadda ta fi shekara ashirin tana wannan aiki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ƙanena, da ƙarfe nawa yake farawa?" Na ce, "Hajiya, ai kullum ne, ba shi da lokaci." Ta ce ruwa ba ya tsami banza, in je in samo mata lokacin, sannan mu yi magana.

Daga farkon Nuwamba na ware ƙaramin littafi, na tsaga kowane shafi gida uku. A gidan farko nakan rubuta abin da ake yi a aji daidai kafin ya fara, a na biyu abin da ya aikata ba tare da ƙari ko hukunci ba, a na uku kuma abin da ya biyo baya, wato abin da ni ko sauran yara muka yi. Wannan tsari tsoho ne a wurin masana halayyar yara, kuma an taɓa mana shi a makarantar horon malamai, sai dai a lokacin na ɗauke shi abin haddacewa don jarrabawa kawai. Wahalarsa ita ce rubutu a tsakiyar darasi, saboda haka na riƙa yin ƴar alama da lokaci a gefen takardar shirin darasina, in an fita hutun safe in cike sauran. Shawara ɗaya a nan: kada ku rubuta "ya yi rashin kunya" ko "ya yi taurin kai", domin bayan mako biyu waɗannan kalmomi ba za su gaya muku komai ba, ku rubuta "ya jefar da allo ƙasa da na ce a buɗe littafin karatu".

Bayan kwana goma na makaranta na ƙidaya, na samu sau 41 ya tayar da fitina. Daga ciki 23 sun faru ne a darasin karatun Faransanci, galibi a lokacin da ake bin layi ana karantawa da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya kuma layin ya kusa isowa kansa. Guda 11 sun faɗo a lokutan da ba su da alaƙa da darasi, sauran kuma gab da hutu, lokacin da yunwa take cin kowa. A darasin lissafi sau ɗaya tak na rubuta sunansa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne gida na uku, domin a cikin 23 ɗin nan, sau 19 hukuncin da na yanke shi ne in kore shi waje. Ashe yaron bai iya karatu ba, yana tsoron a yi masa dariya, ya kuma gano cewa idan ya buga benci Mushe, wato ni malaminsu, zai fitar da shi kafin layi ya iso. Ni da kaina nake biyansa ladan abin da nake son ya daina, har tsawon wata guda, ina ganin horo nake yi.

Guda 11 ɗin nan kuwa sun daɗe suna ɗaure mini kai, har ranar da wani babur mai fasasshen salansa ya wuce bayan katanga, na ga yaron ya zabura ya shige ƙarƙashin tebur kafin ƙarar ta gushe. A lokacin wurin zamansa yana can ƙuryar aji ne, jikin tagar da ke kallon hanya.

Ranar Asabar na nemi gidansu, na tarar yana zaune ne wurin kakarsa ta wajen uwa. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, ba ƙara na kawo ba, na zo ne in san jikanki." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, yaron nan ba haka yake ba da can." Daga wani ƙauye suke kudu da Madarunfa, kusa da iyakar Najeriya. Ƴan bindiga sun shigo musu da dare a kan babura, aka kore dabbobi, aka tafi da mahaifinsa, kuma yaron yana kallo daga bayan rumbu. Duk wanda yake zaune a jihar nan ya san cewa tun 2019 mutane suke ta gudowa daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Runji, kuma ƙauyukanmu na bakin iyaka ma ba su tsira ba, amma ni ban taɓa kawo wa raina cewa abin yana zaune a benci na bakwai a ajina ba. Yaron ya yi kusan shekara ba ya zuwa makaranta, da suka iso gari aka dubi shekarunsa aka sa shi CE1, alhali karatun CP, ajin da ke kafin CE1, bai samu ba. Da zan tafi ta ce in dake shi in ya yi laifi, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce, "Inna, na gwada, bai tanƙwaru ba, ki bar ni in gwada wata hanya."

Ranar Litinin na mayar da shi benci na farko kusa da ƙofa, nesa da tagar hanya, inda yake ganin mai shiga da mai fita kuma hannuna yake iya kaiwa kan teburinsa ba tare da na katse magana ba. Na cire shi daga layin karatu da ƙarfi ba tare da sanarwa ba, ta hanyar daina bin layi gaba ɗaya, na koma kiran suna a warwatse. Na ba shi aikin raba alli da safe da ƙidaya shi a mayar cikin gwangwani kafin a tashi, tunda ƙidaya ita ce ƙarfinsa. Sannan kullum nakan zauna da shi minti goma bayan an tashi, mu koma kan haruffa da gaɓoɓi, muna farawa da kalmomin Hausa da ya sani kamar "baba" da "tuwo" da "rumbu" kafin mu tsallaka zuwa Faransanci, inda harafi ɗaya yake iya canza sauti ya ruɗa yaro. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu, tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram, kuma ni na ga amfaninsa da idona cikin mako uku.

Abu na ƙarshe, kuma mafi wuya, shi ne na daina kora da tsawa. Idan ya fara buga benci nakan matsa kusa, in ɗora yatsu biyu a kan teburinsa, in ci gaba da darasi. Mun yi yarjejeniya cewa idan ya ji zuciyarsa tana tafasa zai kifa allonsa, ni kuma in aike shi ya kai wa Hajiya wata takarda a CM2 ya dawo, takardar da babu komai a cikinta sai gaisuwa. Bambancin wannan da korar da nake yi a da shi ne yana samun fitar ne idan ya nema cikin natsuwa, kuma in ya dawo aikin da ya bari yana jiransa. Wani masani ɗan Amurka, Jacob Kounin, ya bayyana a 1970 bayan nazarin hotunan bidiyo na azuzuwa cewa malaman da ajinsu yake da natsuwa sun fi sauran ne wajen hango fitina tun kafin ta girma da kuma hana darasi yankewa, ba wajen zafin hukunci ba. Yatsu biyun nan daga can na aro su.

Ku shirya wa abin da ya same ni a farkon Disamba: makon farko da na daina kora, abin ya ƙaru. Ranar Talata kaɗai na rubuta 7, har da jefa takalmi. Na kusa komawa gidan jiya, sai Hajiya ta ce haka yake, wanda ya saba tura ƙofa ta buɗe, ranar da ta ƙi buɗewa sai ya ƙara ƙarfi kafin ya haƙura, kuma in na kore shi a ranar na koya masa cewa takalmi ne mabuɗin. Na daure. A mako na uku adadin ya sauko zuwa 6 a mako gaba ɗaya.

Bayan hutu, a Janairu, na gwada wani wasa da wasu masu bincike uku suka fara gwadawa a jihar Kansas ta Amurka a 1969: a raba aji ƙungiya biyu, duk wanda ya karya doka a sa wa ƙungiyarsa alama a babban allo, ƙungiyar da alamunta ba su wuce iyakar da aka sa ba ta samu wata ƴar alfarma, kamar fara fita hutu. A wurin sauran yara ya yi aiki ƙwarai. A wurinsa kuwa kuskure na yi, domin a rana ta biyu ƙungiyarsa ta faɗi saboda shi, aka tare shi a bayan aji bayan an tashi. Washegari na cire shi daga ƙungiyoyin na mai da shi mai riƙe lissafin alamun, kuma tun daga nan babu alƙalin da ya kai shi tsanani.

A nan ne wata yarinya mai shiru, wadda ba ta taɓa ba ni wahala ba, ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, "Mushe, sai mutum ya yi rashin ji ake ba shi aiki?" Ban sami amsa ba. Na duba littafina na ga watanni uku ina rubuta sunan yaro ɗaya, 67 kuma suna zaune. Yanzu ayyukan aji goma ne, daga share allo zuwa ɗebo ruwa da buɗe tagogi, suna zagayawa kowane mako, allin ne kaɗai bai bar hannunsa ba tukuna.

A mako na biyu na Fabrairu an samu koma baya. Wani baƙo daga ƙauyensu ya sauka gidan kakar da labarin da ban nemi jin dalla-dallarsa ba, yaron ya zo ranar Alhamis bai yi barci ba, ya kifar da benci ya kuma yaga littafin maƙwabcinsa. A wannan karon na fitar da sauran yara tsakar makaranta tare da shugaban aji, na zauna a ƙasa nesa da shi kaɗan ban ce komai ba har numfashinsa ya daidaita, sannan muka ɗaga bencin tare, ya kuma manna littafin da kansa ya ba mai shi haƙuri. Na sanar da darakta a rubuce, shi kuma ya yi magana da ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, suka ɗauki nauyin raka kakar asibiti a duba yaron saboda rashin barcin, domin wannan ya wuce abin da alli da littafin lura za su iya.

A makon da ya gabata na rubuta 3, biyu daga ciki gab da hutu, kuma na lura ranakun ne da ya zo babu ko dala biyar ta ƙosai. Yana karanta gaɓoɓi masu harafi biyu ba tare da tsayawa ba, masu harafi uku har yanzu suna ba shi wahala. Jiya da kansa ya ce, "Mushe, yaushe za ka kira ni in karanta?" Na zaɓar masa layi biyu daga darasin Litinin mai zuwa, za mu maimaita su yau da gobe bayan an tashi, kuma zan kira shi na uku, bayan yara biyu da na san ba sa dariya.