Sabon takalmi da kwarin Imlil

Yau a Babbar Kasuwar Yamai na ga wani saurayi yana cinikin takalmin hawan dutse, yana gaya wa mai shago jibi zai tashi Maroko, zai bi kwarin Imlil, a duwatsun Atlas, da ƙafa. Ya saka, ya ce ya yi masa cif, sai gabana ya faɗi. Na ce, "Ƙanena, ƙara lamba ɗaya." A gangara ƙafa kan zame gaba, yatsu su riƙa dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi ya cire, ga shi ƙafa tana kumbura in tafiya ta yi nisa. Sabon takalmi sai an yi mako biyu ana yawo da shi, in ba haka ba dunduniya ta yi bororo tun kafin a kai rabin hanya. Safar auduga tana riƙe zufa, ta ulu ake so.

Daga ƙauyen Imlil, wajen mita 1,800 sama da matakin teku, zuwa masaukin masu hawan Dutsen Toubkal da ke mita 3,200 tafiyar awa biyar zuwa shida ce, alfadarai ke ɗaukar kaya, kuma ba a hawa sai da ɗan jagora. Yamai kuwa wajen mita 200 take. Wanda ya taso daga nan ya kwana a Imlil tukuna don jiki ya saba da tsayin, ya sha ruwa lita uku a yini, don sanyi yana ɓoye ƙishirwa. In ciwon kai da amai suka taso a sama, sauka ce maganinsu. Ya karɓi lamba 43, amma kwana biyu suka rage masa, dunduniyarsa ce ta tsaya mini a rai.