Muna Neman Mahaya Keke Daga Birnin Kebbi Zuwa Argungu Saboda Ciwon Suga

Ranar 14 ga watan Nuwamba ce ranar ciwon suga ta duniya, kuma a bana ni da abokaina da muke fita da kekuna da safiyar Asabar mun yanke shawarar cewa ba za ta wuce mu a labaran rediyo kawai ba. Muna shirin hawan keke daga Birnin Kebbi zuwa Argungu a Asabar ɗin da ta fi kusa da wannan rana, domin mu tara kuɗin sayen kayan gwajin jini, a gwada jama'a kyauta a inda za mu yada zango. Hanya tana nan, ma'aikatan lafiyar da za su yi gwajin kuma sun nuna niyyar ba da lokacinsu. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mahaya, shi ya sa nake wannan kira.

Samarin da ke da kekuna masu giya da matsattsun riguna ba sa bukatar lallashi, da sun ji labari za su zo, kuma muna maraba da su. Wanda nake nema da wannan rubutu shi ne magidancin da ya haura shekara 40, wanda ya jingine kekensa a zaure tun ranar da Allah Ya hore masa babur, har tayoyin suka sace, kacar ta yi tsatsa, yara suka cire ƙararrawar suna wasa da ita. Shi ne ma'aikacin da ke wuni a kan kujera a sakatariya, da ɗan kasuwar da ke zaune a rumfa daga hantsi zuwa la'asar, da ɗan kabu-kabun da ke kewaye gari duk yini alhali ƙafarsa ba ta taka ƙasa sai a bakin masallaci. Waɗannan su ne ciwon ya fi yi wa kwanton ɓauna, kuma su ne idan aka gan su a kan keke mutanen gari za su tsaya su tambayi dalili.

Na san abin da ke hana su, domin na sha jin sa a majalisa. A wajenmu keke ya zama shaidar rashi, ta yadda idan aka ga Alhaji ko malamin makaranta yana tuƙa shi, kafin magariba labari ya zaga cewa wane ya karye. Wannan tunani ne da ya kamata mu yi wa dariya tun tuni, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da mutane da dama suka ajiye motoci suka rasa abin hawa, amma kunya ta hana su komawa ga abin da iyayensu suka yi fatauci da shi har kasuwar Jega. Mutum ɗaya mai mutunci da ya hau keke shi kaɗai abin magana ne, amma idan aka ga magidanta masu yawa a jere, ciki har da waɗanda ake gaisarwa a durƙushe, maganar takan sauya.

Dalilin da ya sa muka ɗora komai a kan gwaji shi ne, ciwon suga yakan yi shekaru a jikin mutum ba tare da ya sani ba. Rahoton Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a nahiyar Afirka, kuma ana hasashen adadin na Afirka zai kai miliyan 55 a shekarar 2045. Abin da ya fi tayar da hankali a cikin rahoton shi ne cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba a taɓa gwada su an gano ba. A nan gida mun san yadda hakan yake faruwa: mutum ya fara yawan fitsari da dare, ƙishirwa ba ta barinsa, yana ramewa alhali yana cin abinci, idanunsa suna gani dishi-dishi, sai a ce basir ne, ko shawara, ko kuma a fara zargin sammu. Sai ranar da ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, raunin ya ƙi warkewa wata da watanni, sannan a ɗauke shi zuwa asibitin Sir Yahaya ko babban asibitin tarayya, inda wani lokaci likita ba shi da zaɓi sai yanke ƙafar. Ciwon yana lalata ƙoda, yana makantarwa, yana jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma duk wannan ɓarna ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa zai iya yin gargaɗi a kanta tun da wuri, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba.

Wani zai tambaya, to me ya haɗa wannan da keke, me ya sa ba za a tara kuɗin a masallaci a huta ba. Amsar ita ce, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suna da nau'i na 2 ne, wanda ke da alaƙa da ƙiba da rashin motsa jiki da gado, kuma a irin wannan nau'i motsa jiki yana cikin maganin kansa, domin tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga cikin jini. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2002, ya bi mutane fiye da 3,000 da sugansu ya fara hawa amma bai kai matakin ciwo ba. Waɗanda suka rage ƙiba kaɗan suka kuma motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, yayin da waɗanda aka bai wa ƙwayar maganin suga mai suna metformin nasu ya ragu da kashi 31. Minti 150 ɗin nan shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba manya shawarar yi a kowane mako, wato rabin awa kullum har kwana 5, wanda bai wuce zuwa wurin aiki da dawowa a kan keke ba ga mafi yawan mazauna Birnin Kebbi.

Akwai wata magana da ba a son yi a jihar da ke alfahari da shinkafa, amma dole a yi ta. Manomin da ya wuni yana dashe a fadama, idan ya ci malmala biyu ta tuwon shinkafa jikinsa ya ƙone ta kafin gari ya waye. Matsalar tana ga ɗan'uwansa na birni da ke cin irin wannan kwano, ya bi da lemon kwalba, ya sha shayi mai cokali uku na suga da dare, alhali duk tafiyarsa ta yini ba ta wuce daga ƙofar gida zuwa inda ya ajiye babur ba. Ba laifin shinkafarmu ba ne, mu ne muka riƙe cin manoma muka bar aikinsu.

Ba mu muka fara irin wannan hawa ba. Ƙungiyar ciwon suga ta Amurka tana shirya nata mai suna Tour de Cure tun 1991, inda kowane mahayi yake neman gudummawa daga dangi da abokai kafin ya shiga, kuma tsarinsu muka duba muka daidaita da halinmu. A wannan shekara ta 1991 ce kuma aka fara ranar ciwon suga ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2006, an kuma zaɓi 14 ga Nuwamba ne saboda ita ce ranar haihuwar Frederick Banting, likitan Kanada da shi da Charles Best suka samo insulin, sinadarin da ke rage suga a cikin jini, a birnin Toronto a 1921.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko mai ciwon suga zai iya shiga. Zai iya, kuma shi muka fi so a sahun gaba. Akwai ƙungiyar ƙwararrun 'yan tseren keke mai suna Team Novo Nordisk da dukkan mahayanta masu ciwon suga nau'i na 1 ne, suna allurar insulin kuma suna fafatawa a manyan gasanni, kuma Phil Southerland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, an gano ciwonsa tun yana jariri ɗan wata 7. Sai dai akwai sharuɗɗan da ba za mu sassauta ba. Duk mai ciwon sai ya fara ganin likitansa, musamman idan yana da hawan jini ko matsalar zuciya ko ta ido. Za a gwada shi kafin a tashi da kuma a kowane zango, domin wanda ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide sugansa yana iya faɗuwa ƙasa da lamba 70 a na'urar gwaji a tsakiyar hanya, ya ji jikinsa yana rawa, gumi mai sanyi yana keto masa, kansa yana juyawa. Idan haka ta faru sai ya sauka nan take, ya sha abu mai zaƙi ko ya ci dabino, a jira minti 15 a sake gwadawa. Saboda haka kowa ya cusa dabino ko suga mai ƙwaya irin na shayi a aljihu, kuma kada mai ciwon ya zo a silifas. Takalmi rufaffe da safa muke so, domin ƙafar da jijiyoyinta suka fara mutuwa ba ta jin rauni sai ya yi nisa.

Za mu taru a kusa da filin wasa na Haliru Abdu bayan sallar asuba, mu tashi da zarar gari ya yi haske, domin ko da yake iskar hunturu ta fara kaɗawa a tsakiyar Nuwamba, ranar Kebbi ba ta da sauƙi idan hantsi ya dubi ludayi. Zangon farko Ambursa ne, kuma duk wanda ƙarfinsa ya tsaya a nan ya cika alkawari, babu wanda zai yi masa gori. Masu sauran ƙarfi za su wuce har Argungu, tafiyar kilomita 50 da ɗoriya, inda muke fatan a yi babban gwajin a cikin gari. Ba tsere ba ne, ba a kuma tanadi kofi ga wanda ya riga isa ba. Mota za ta biyo mu a baya ɗauke da ruwa da ma'aikacin jinya da mai faci, za mu kuma nemi rakiyar jami'an kiyaye haɗurra saboda manyan motocin da ke bin hanyar a lokacin kaka. Batun tsaro ma ba mu ɗauke shi da wasa ba: idan jami'an tsaro suka ba da shawarar a gajarta tafiyar, za a gajarta ta ba tare da musu ba.

Maganar kuɗi kuwa gara a yi ta a fili tun yanzu, domin jama'a sun gaji da asusun da ake buɗewa da ganga a rufe shi shiru. Kowane mahayi zai karɓi takarda mai lamba, ya zaga danginsa da abokan aikinsa da mutanen majalisarsu, kowa ya rubuta abin da zai bayar a kan kowace kilomita ko kuma a dunƙule. Ba a raina naira 200 ta mai shayi, ba a kuma jin nauyin tambayar mai injin casar shinkafa abin da ya fi haka. Kuɗin ba zai tafi ga riguna masu tambari ko abincin manyan baƙi ba. Na'urar gwajin ba ita ce mai cin kuɗi ba, tsinken da ake ɗiga wa jini shi ne, domin sau ɗaya ake amfani da kowane ɗaya a jefar, don haka a kansa da allurar huda yatsa da auduga da safar hannu kusan duk abin da aka tara zai ƙare. Bayan kammalawa za mu liƙa lissafin shiga da fita tare da rasit a inda kowa zai gani. Ya kamata kuma a sani cewa gwajin bakin hanya ba ya yanke hukunci. Wanda aka ga sugansa ya hau za a ba shi takarda ya je asibiti a sake gwada shi da safe kafin ya karya, domin a can ne idan aka samu 126 ko fiye, aka kuma maimaita aka tabbatar, likita zai ce yana da ciwon.

Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata suna da babban rabo a wannan aiki ko da ba su hau keke ba. Ciwon ba ya tsallake su, akwai ma wanda ke bayyana a lokacin goyon ciki, kuma mace da yawa ba za ta miƙa yatsanta ga namiji a bainar jama'a ba. Muna bukatar ma'aikatan jinya mata da ɗaliban kiwon lafiya da za su tsaya a rumfar mata a kowane zango, da malaman Islamiyya da za su sanar da ɗalibansu matan aure tun kafin ranar. Dattawan da gwiwa ta hana su hawa, roƙonmu gare su shi ne su yi wa limamai da masu unguwanni magana, su kuma zo su fara miƙa nasu yatsan a gaban mutane.

Ga wanda ya karanta wannan ya ji zuciyarsa ta motsa, aikin farko shi ne ya fito da keken nan daga zaure ya kai wa mai gyara, a duba birki da taya, a sa wa kaca mai, a ɗaga sirdi daidai tsawon ƙafarsa, domin gajeren sirdi shi ke kashe gwiwa. Phoenix ɗin da aka gada ko tsohon Raleigh duk sun isa, wanda ba shi da keke kuma ya ara a wajen maƙwabci. Kada kowa ya jira sai ranar ya gwada ƙarfinsa. A fara da zagayen unguwa bayan asuba, a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan a kowane mako, har mazaunai su saba da sirdi. Muna fita atisaye kowace Asabar da sassafe daga bakin filin wasa, a can ake rubuta suna a kuma karɓi takardar gudummawa. Wanda zai zo ya taho da gorar ruwa da hular kwano idan yana da ita, ya kuma jawo mutum ɗaya daga majalisarsu, zai fi kyau idan wanda ya fi kowa yi wa keke dariya ne.