Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Keken da Na Je Nema a Berlin

A makon jiya na tsaya a inda jirgin ƙasa ya sauke ni a Berlin, cikin Nuwamban 2012, da rigar sanyi ta aro. Kwas ɗin gyaran injinan asibiti da ya kai ni Jamus sai Litinin zai fara, don haka kwana biyu nawa ne.

Bari in ɗan koma baya. Ina aji huɗu a sakandare na sayi wani tsohon littafi a wajen masu baza littattafai a ƙasa a Sabon Gari, bangonsa duk ya yage: The Spy Who Came in from the Cold, na John le Carré, wanda ya fito a 1963. Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, amma babin farko ya zauna mini daram. Dare ne, jami'in leƙen asirin Ingila yana shingen bincike yana jiran mutuminsa ya tsallako daga Berlin ta Gabas. Mutumin ya taho a kan keke, saura ƙiris ya sha, aka haske shi da fitilu aka harbe. Ni da kullum a kan Raleigh ɗin babana nake zuwa makaranta, na daɗe ina jin wannan harbi a gadon bayana.

Mai masaukina dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, ya fi shekara ashirin a garin. Da na ce ya kai ni Checkpoint Charlie, shahararren shingen binciken da ke tsakanin Berlin ta Gabas da ta Yamma a zamanin da garin ke rabe, sai ya yi dariya.

"Malam, kai ma? Babu komai a wurin sai masu hoto."

"Baba, ko ba komai idona ya gani."

Muka fito daga tashar Kochstraße, sai ga shi a tsakiyar titin Friedrichstraße: ɗan farin ɗaki kamar kes ɗin mai sayar da katin waya, da buhunan yashi a gabansa. Wasu samari sanye da kakin sojan Amurka suna karɓar kuɗi ana hoto da su, ga McDonald's a gefe. Baba ya ce ɗakin ma kwaikwayo ne, na ainihin an ɗauke shi tun 1990, yana wani gidan tarihi a unguwar Dahlem. A nan ne fa tankokin Amurka da na Tarayyar Sobiyet suka yi cirko-cirko a Oktoban 1961, wata biyu da fara gina katangar da ta raba garin gida biyu. Gwiwata ta yi sanyi, wallahi.

Baba bai ce uffan ba, ya ja hannuna muka shiga titin Zimmerstraße. A ƙasa akwai jerin duwatsu layi biyu, alamar inda katanga ta bi kafin ta faɗi a 1989, motoci na takawa abinsu. Muka tsaya gaban wani ginshiƙin ƙarfe mai launin tsatsa. A nan aka harbi Peter Fechter, magini ɗan shekara 18, ranar 17 ga Agusta 1962, yana ƙoƙarin haurawa. Ya faɗo gindin katanga ta ɓangaren Gabas, ya yi kusan awa guda yana zubar da jini yana neman taimako, mutane na kallo daga Yamma, har rai ya yi halinsa. Babu mai hoto ko ɗaya a wurin. Busasshen fure ne kawai wani ya ajiye. Sai na tuna nawa ɗan fari a lokacin 17 gare shi.

Washegari ni kaɗai na hau jirgi zuwa Wannsee, na shiga bas zuwa gadar Glienicke, wadda ta haɗa Berlin da Potsdam. A kanta aka yi musayar fursunoni, ɗan leƙen asirin Sobiyet Rudolf Abel da matuƙin jirgin leƙen asirin Amurka Gary Powers, a Fabrairun 1962. Har yau koren fentin rabinta ya fi na ɗaya rabin duhu. Ina tsaye a daidai mahaɗar fentin wata tsohuwa ta wuce ni a kan keke, da burodi a kwando, ta kaɗa mini ƙararrawa in ba ta hanya.

A can na yar da tikitin komawa, ga wayata ta mutu, Jamusancina kuma bai wuce gaisuwa ba. Yadda na kwashe da mai duba tikiti, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.